Hutun Bazara da Duwatsun Damagaram

 

An rufe lakwal, wato makarantun boko. Hutun nan ne na ƙarshen watan Maris da ke leƙawa cikin Afrilu, wanda muka gada daga tsarin karatun Faransa. Su don bikin Ista suka sa shi, mu kuwa a tsakiyar bazara yake faɗo mana. Duk uwar da ke saurarena yanzu ta san abin da kwanakin nan ke nufi. Tun da hantsi rana ta hana yara fita, ɗaki ya hana su zama, an ɗauke wuta, famfo ya ƙafe, waya ɗaya ce a gidan kuma kowa ita yake so. Kafin a kira azahar an raba faɗa har murya ta dushe.

A daidai wannan lokaci ne hotuna ke yawo a Facebook da WhatsApp: iyali a Faransa ko Amurka sun loda kaya a mota sun nufi tsaunuka, ga yaro ɗan shekara huɗu an naɗe shi cikin rigar sanyi yana birgima a ƙanƙara. A can, hutun yana zuwa ne lokacin da sanyi ya fara sakin mutane, kowa na ɗokin ya fita ya sha rana. Mu kuwa ranar muke gudu. Shi ya sa in ka ce wa Badamagare ya ɗebi iyalinsa su tafi dutse hutu, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Lafiya dai? Biki ake yi a can, ko rasuwa aka yi?"

Kada mu yi saurin yi masa dariya, don tambayarsa tana da tushe. Tafiya a wurinmu da dalilinta take. Ana fita fatauci, ana fita neman karatu, ana cin rani, ana zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, mai hali ya tafi Makka. Wanda ya fita ba don ɗaya daga cikin waɗannan ba, yawon banza ake kiran abin da yake yi. Kakanninmu ba su ƙi nishaɗi ba, hanya ce ta yi musu wuya, kuɗi kuma da gumi ake samunsa. Sai dai ga inda abin ya kai mu yau: yaro ya haddace sunayen manyan tsaunukan duniya don jarrabawa, amma bai taɓa hawa dutsen da ke bayan unguwarsu tare da mahaifinsa ba. In ma ya hau, a sace ya hau, shi da abokansa, ya dawo da ƙujewa a gwiwa ya sha bulala.

Abin da nake so in faɗa yau shi ne, ba sai mun kwaikwayi kowa ba. Dutse kam muna da shi har ya yi mana yawa. Dalilin tafiya ma muna da shi a hannu, wanda babu dattijon da zai kira shi yawon banza, wato zumunci, wanda Hausawa suka ce a ƙafa yake. Da wuya ka sami gida a garin nan da ba shi da ɗan'uwa a wani ƙauye da ke gindin dutse. A je a gaida kaka, a kwana, da asuba a hau dutsen garin. An yi zumunci, yara kuma sun yi hutu.

Amma bari mu fara da nesa, don na san akwai masu cewa in dai tsauni ake magana, to Abzin ake nufi. Gaskiyarsu. A can ne Bagzan yake, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. A can ne Timiya take, garin da ke kwance tsakanin baƙaƙen duwatsu, da lambunan lemu da rumman da dabino, da wurin da ruwa ke gangarowa daga dutse ya taru a kwari. A can ne ake samun zane-zanen da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin duwatsu, har da raƙuman dawan nan na Dabus da suka yi suna a duniya, shaidar cewa inda muke ganin hamada yau ciyawa ce da namun daji a da. Tun 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya, tsohon garin Agadas kuma ya shiga a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Mu da Abzin kuwa ba baƙin juna ba ne. Unguwar Zango da kanta masaukin ayari ce. Nan Abzinawa ke sauke gishirin Bilma da Fashi, su loda hatsi da tufafi da kayan dukanci su koma arewa, wasu su zarce Kano. Dankalin Turawa da tafarnuwa da albasa da lemun da ke saukowa daga lambunan Abzin har gobe suna shigowa kasuwanninmu. Yaron Damagaram da ya ga Timiya ya ga ɗaya ƙarshen hanyar da ta gina garinsu.

Duk da haka, in uba ya zo ya tambaye ni ko ya ɗauki ɗan shekara uku da 'yar shekara biyar ya nufi Abzin cikin wannan hutun, zan ce masa a'a, ba kuma zan yi kwana-kwana ba. Daga nan zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat kusan kilomita 450 ne, a watan da ma'aunin zafi ke haura 40. Daga Agadas zuwa Timiya akwai wasu fiye da 200, cikin duwatsu da rairayin ƙorama, hanyar da sai mota mai ƙarfi da direban da ya san ƙasa. Bagzan kuwa galibi da ƙafa ake hawansa, ko a bayan jaki da raƙumi. Ga maganar tsaro. Tawayen farkon shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan da aka yi a Arlit a 2010, su suka kashe kasuwar 'yan yawon buɗe ido da ta taɓa cika Agadas, kuma har yanzu babu mai hankalin da ke kama hanyar arewa bai tambayi hukuma da mutanen wurin halin da ake ciki ba. Wanda ke da dangi a can, yake kuma da hali, ya jira hutun Disamba. Lokacin ne sanyi ke sauka, lokacin ne lemun Timiya ke nuna, yaran kuma a bari su ɗan tasa. Tarmit ma, da ke can arewa maso gabas, inda aka keɓe gandun daji a 2012 saboda sauran namun hamada da suka rage, ba wurin kai goyo ba ne. Wannan sai masu bincike da ma'aikatan gandun daji.

To mu juyo gabas, inda kwalta take. Kilomita 18 kawai daga Damagaram ka isa Mirya. Mutane da yawa na ratsa ta a guje kamar ba gari ba, alhali tsohuwar ƙasar Sosebaki ce da ta yi sarauta tun Damagaram ba ta kai ta kawo ba. Ranar Lahadi kasuwarta ke ci. Ka kai yaro rumfar masu tukwane ya ga tulu da randa jere, ya taɓa, ya tambaya da me aka yi jan zanen da ke wuyansu. Ka shiga da shi lambu, ƙarƙashin mangwaro, ya ji yadda iska ke sauyawa da zarar an bar rana an shiga inuwar da ruwa ke ƙarƙashinta. Mai adaidaita ko ƙaramar motar tasha za ta kai ku ta dawo da ku a yini guda.

Gaba kaɗan akwai Gidimuni da tafkinta da ba ya ƙafewa, da dabino da lambuna kewaye. Wuri ne mai kyau a tsaya a ci abinci, amma a riƙe hannun yara. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma yaron birni da bai iya iyo ba ba ya sanin inda zurfi ya fara. A kalla daga baki, a bar wanka sai an koma gida.

In aka wuce Gidigir aka doshi Gure, kimanin kilomita 160 daga nan, sai duwatsun Muniyo su fara tasowa cikin rairayi. Ƙasar Mangawa ce, sarkinta Muniyoma, wadda ta yi zamanta da ƙarfinta kafin Damagaram ta rinjaye ta zamanin Sarki Tanimu. Arewa da Gure kuma, bayan an bar babbar hanya, ga tsaunukan Kutus masu shimfiɗaɗɗen kai, da kwaruruka a tsakaninsu inda ake noma da kiwo. A Kelle, babban garin Kutus, akwai abin da nake jin babu yaron da zai gan shi ya manta: cibiyar da ake kiwon jimina mai jan wuya, irin da farauta ta kusa ƙarar da ita daga Sahara, ana renonta don a mayar da ita daji. Yaranmu sun san jimina a tatsuniya da karin magana, sun ga gashinta a kayan hawan sallah, amma nawa ne cikinsu suka taɓa ɗaga kai suka kalli tsuntsun da ya fi babansu tsawo? Sai dai wurin na aiki ne, ba gidan kallo ba, don haka a nemi izini kafin a je. Tafiyar Gure da Kelle ta kwana ce, kuma ta mai masauki. In kana da gwaggo ko kawu a can, to ka sami dalilin da za ka faɗa wa maƙwabta.

Yanzu bari in dawo gida, don nan ne maganata ta fi ƙarfi. Yawancinmu ba mu da kuɗin mota zuwa Gure da mutum shida. Amma garin nan a kan dutse aka kafa shi, kuma a cikin dutse. A unguwar Birni akwai gidajen da dutse ne bangonsu na baya, akwai lungunan da sai sun kauce wa dutse suke wucewa. Baƙo in ya zo, abin da ya fara ɗaukar hoto ke nan. Mu da muka tashi a ciki mun daina ganinsu.

Wata safiya cikin irin wannan hutu na ɗebi nawa yaran da na ƙanena, bayan an sallame asuba, muka hau wani dutse a gefen Birni. Ba wani tsayi gare shi ba, babba zai hau shi kafin ya gama cin goro ɗaya. Amma da ƙananan yara tafiyar ta zama doguwa, don kowane taku da abin tsayawa. Ga ƙadangare mai jan kai yana sallama. Ga tsagar da wata 'yar bishiya ta tsiro a ciki babu ko ƙasa. Ga wani rami mai santsi a kan falalen da yaran suka yi ta gardama ko turmi ne ko sawun wani abu. Autar, wadda ba ta kai shiga lakwal ba, ta cire takalmi ta ce dutsen da sanyi, ta kwanta ta manna kumatunta a jikinsa. Da muka kai sama rana ba ta gama fitowa ba. Ana jin carar zakaru daga unguwa zuwa unguwa, hayaƙin masu ƙosai da koko ya fara tashi, ga soron fada, ga hasumiyar masallaci, ga 'yan kura sun yi layi da bidoninsu masu ruwan ɗorawa a bakin wani famfo. Babban yaron ya daɗe yana neman rufin gidanmu. Da ya gano shi sai ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ashe gidanmu ƙarami ne."

A irin wannan wuri tarihi ba ya bukatar allo. Ka nuna da yatsa ka ce, ka ga can, nan ganuwar da Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu ya kewaye Birni da ita a tsakiyar ƙarni na 19 ta bi, ga ɗan abin da ya rage nata. Shi ne sarkin da aka ƙera masa igwa a cikin garin nan, da hannun maƙeran garin nan. Ka ga wancan tudun da barikin soja ke kai? Nan Faransawa suka gina sansaninsu bayan sun ci garin a 1899, suka sa masa sunan Kyaftin Kazmaju, wanda aka kashe a nan Damagaram a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Yau sunan Tanimu wurin ke ɗauke da shi. Yamma da mu kuma ga hanyar Tirmini, inda aka gwabza yaƙin da ya buɗe musu ƙofar gari. A nan zan ɗan tsaya in ja kunne: wurin soja daga nesa ake nuna shi, ba a matsawa, ba a kuma ɗaga waya a ɗauki hoto.

In yaran sun fara gajiya da sarakuna da yaƙi, ba su labarin yaro ɗan'uwansu. A ƙarshen 1852 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda a ƙasashen nan ake kira Abdulkarim, ya biyo ta Gure ya sauka Damagaram, ya yi kusan wata guda. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama tun yana ƙarami aka sayar, daga baya aka 'yanta shi. Yaron nan ya bi Barth har Tambutu, ya tsallaka Sahara, a 1855 ya isa Ingila. A can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, kuma yana cikin labaran Hausa na farko-farko da aka buga da boko. A Kano ya ƙare rayuwarsa, a 1912. Ka faɗa wa ɗan shekara bakwai cewa wani yaro daga ƙasar Kance ya ga Landan tun babu mota a duniya, ka ga yadda idonsa zai buɗe.

Akwai kuma darasin da ya fi waɗannan kusa da cikin kowa. Yaran da suka ga layin bidoni daga sama, dole ɗaya ya tambaya me ya sa famfonmu ba ya kawo ruwa. Amsar tana ƙarƙashin ƙafarsa. Dutsen da yake tsaye a kai bai tsaya nan ba, ya shimfiɗu ƙarƙashin garin, kuma irin dutsen da ba ya riƙe ruwa ne. Shi ya sa ake jawo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram aka kai Yamai a 1926. Yaron da ya ji wannan yana zaune a kan dutsen da kansa, ina tabbatar muku ya fi wanda ya kwafa daga allo riƙe shi. Wataƙila ma ya rage barin famfo a buɗe.

To, yaya ake yi da ƙanana? Rana ce shugabar tafiyar, ita ke ba da izini. A fita bayan asuba, a sauko kafin hantsi ya ɗaga, don da zarar rana ta hau, falalen dutse ya zama tandar masa, tafin ƙafar yaro kuwa ba irin naka ba ne. In safiya ba ta samu ba, a bari sai bayan la'asar sakaliya, a kuma tuna cewa dutse yana riƙe zafi ko bayan rana ta yi sanyi, a taɓa da hannu kafin a zaunar da yaro. Ruwa a ɗauka fiye da yadda ake zato, a riƙa ba su ko ba su nema ba, don yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake da ƙishirwa. Wanda ya yi laushi, leɓensa ya bushe, ya daina fitsari, a kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, in bai farfaɗo ba a nufi likita. Silifas mai santsi ya fi komai kayar da yaro, a sa masa takalmin da ke kama ƙafa. Kada a bar shi ya zura hannu a rami ko ya ɗaga dutse, nan kunama ke kwana, nan kububuwa ke fakewa. In an ji ƙugin zuma a wata tsaga, a canja hanya ba tare da jifa ba. Guzuri kuwa ba ya bukatar wahala: dabino, ƙuli-ƙuli, 'yar fura, in an samu alkaki ko kilishi to an yi sallah.

Wanda zai kai yara ƙauye su kwana, ya duba katin rigakafinsu tukuna. Bazara lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, kuma jiharmu ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ba labari aka ba mu ba. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira a ga gobe ba ne.

Na san akwai kakar da ke saurare tana cewa, "Kada ku kai mini miji dutse, wurin da masu shi." Inna, mun ji, kuma ba za mu yi jayayya da ke ba. Ku lura da lokutan da tsofaffi ke hana yara zuwa dutse da gindin tsamiya: tsakar rana da almuru. Na farko shi ne lokacin da zafi ke kayar da mutum, na biyu shi ne lokacin da kunama da maciji ke fitowa, ido kuma ba ya ganin inda ƙafa ke sauka. Ko ta wace hanya ka bi, hanin nan ya tsare rayuka. A yi bisimilla, a tofa wa yara addu'a, a kiyaye waɗannan lokuta biyu, kowa ya sami abin da yake so.

Yanzu maza, ku matso kusa da rediyon. Wani abokina ya shiga gida da murna ya ce wa uwargidansa gobe za a fita hutu. Ta dube shi ta ce, "To Malam, in hutu ne, wa zai huta?" Ta san abin da take faɗa. Ita za ta tashi tun kafin asuba ta dama fura, ita za ta yi wa yara wanka, ita za ta goya ƙaramin, ta riƙe hannun mai bi masa, ta ɗora kwano a ka, shi kuwa maigida yana gaba da waya a kunne yana cewa ku yi sauri. In haka za a yi, gara a zauna gida. Kai za ka ɗauki bidon ruwa. Kai za ka saɓa yaro a kafaɗa inda hawa ya yi tsauri. In ma uwar ta ce ita ba ta zuwa, ka kwashe yaran kai kaɗai ka bar ta ta yi barcin safe, wanda wataƙila rabonta da shi tun haihuwar fari. Kuma a tafi da 'ya'ya mata. Na sha ganin an ɗebi maza an bar 'yar shekara takwas tana wanke-wanke, alhali ita ma ƙafa biyu gare ta da ido biyu.

Ba zan rufe ba sai na faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Wasu duwatsun garin nan ba sa hawuwa, ba don tsayi ba, don ƙazanta. Mun mayar da su makewayi da juji, leda ta cika kowace tsaga. Uba ba zai kai ɗansa inda sai an toshe hanci ba. Wannan aiki ne da ofishin magajin gari da masu unguwanni da samarin fada-fada za su iya yi ba tare da jiran kuɗin waje ba: a zaɓi dutse ɗaya ko biyu a kowace gunduma, a share, a hana zubar da shara, a samar da makewayi a kusa don mutane su sami inda za su, a sa wani dattijo mai sanin tarihin wurin ya riƙa zama da safe. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, su ma ga filin da za su gwada abin da suka karanta.

Sannan akwai yaran da dutse ba wurin hutu ba ne a gare su. In ka hau da safe za ka ji ƙarar guduma daga gefen gari. Mata ne da yara ke fasa tsakuwa don a sayar wa magina, wasu yaran ba su girmi naka ba. Akwai masu tura kurar ruwa tun duhu, akwai almajirin da ba a rufe masa makaranta balle a ce ya sami hutu. In ɗanka ya tambaye ka me wancan yaron ke yi, kada ka ja hannunsa ka wuce. Ka gaya masa gaskiya, ku yi sallama, in da sauran ruwa da dabino ku miƙa.

Malaman lakwal kuma, ga roƙona. In an koma, maimakon a ce yara su rubuta yadda suka yi hutu, abin da kan sa wanda bai je ko'ina ba ya ƙaga ƙarya, a ce kowa ya zana dutsen unguwarsu, ya tambayi wani tsoho sunansa da abin da aka sani game da shi. Duwatsun nan da yawa suna da sunaye, kuma sunayen suna bakin mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Lokacinmu ya cika. Duk wanda ya ɗauki yaransa ya hau kafin a koma lakwal, muna son jin labari a shirinmu na mako mai zuwa. Ku kira ku faɗa mana wane dutse kuka hau, da ƙarfe nawa kuka sauko, da tambayar da yaro ya yi muku wadda ta gagare ku amsa. Za mu nemo wanda ya sani ya amsa masa a nan. Allah Ya kai mu damina lafiya.